Babi na Biyar: Bindigar Farko da Lissafinta

Duk yaron da ya tashi a gidan farauta akwai ranar da yake ɗoki, wato ranar da zai daina ɗaukar wa manya burgami da gorar ruwa, ya saɓa bindigar kansa. A Yola da Jimeta, da garuruwan da ke kewaye da su irin su Girei da Fufore da Song, wannan buri yana nan da ransa, sai dai masu shi sun ƙaru. A da ɗan maharbi ne ke neman bindiga. Yau manomin da birai suka addaba yana nema, mai shanu yana nema, ɗan banga yana nema, har da magidancin da ya kwana yana jin motsi a bayan katanga. Kusan dukansu da tambaya ɗaya suke farawa: nawa maƙeri zai karɓa?

Wannan tambaya ita ce ya kamata ta zo ƙarshe. Kuɗin ƙarfe da itace su ne mafi sauƙi cikin abin da bindiga ke ci. Kafin a kai kansu akwai dalili, akwai doka, akwai maigidan da zai koya maka, akwai kuma wurin ajiya. Wanda bai iya ɗaukar nauyin waɗannan huɗu ba, bai kai mallakar bindiga ba tukuna, ko da kuɗinta na cikin aljihunsa.

Yadda bindiga ta zauna a ƙasar Adamawa

Bindiga ta daɗe a wannan yanki. Tun ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno yake da 'yan bindiga da Turkawa suka horar, kuma tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga cikin masu tsaron fada. Duk da haka, daga lokacin da Modibbo Adama ya karɓo tuta a 1809 har ya kafa Yola a 1841, doki da mashi da kwari da baka su ne ƙarfin yaƙi. Bindiga na da tsada, albarushi kuma daga nesa yake zuwa.

Shigowar jiragen Turawa kogin Binuwai ta sa makamai sun ƙara samuwa, amma Turawan sun yi wa cinikin iyaka. A yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Burasels a 1890, an hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, aka bar musu mai ƙanƙara da ake ɗurawa ta baki, da albarushin kasuwa. Lamiɗo Zubairu na Yola ya ga sakamakon haka da idonsa. Ranar 2 ga Satumba, 1901, sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka auka wa Yola. Lamiɗo yana da igwa biyu da Mizon, wani hafsan Faransa, ya ba shi, da wasu 'yan bindiga da suka baro rundunar Rabeh, amma garin ya faɗi a yini ɗaya.

Abin da ya rage a hannun talaka shi ne bindigar toka, kuma ta samu masu riƙe ta da rai. Ƙasar Adamawa ƙasar ƙira ce tun asali. Mutanen Sukur a Madagali sun yi suna wajen narka tama, har hukumar UNESCO ta sanya tsauninsu cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, mutanen duwatsun Verre kuwa, kudu da Yola, an san su da ƙira da zubin tagulla. Maƙerin da ya saba da fartanya da gatari da kan mashi ya fara da gyaran bindigar da ta lalace, daga nan ya koyi ƙera sabuwa. Wannan rabo na zamanin Turawa, na zamani ga hukuma, ta toka ga maharbi, shi ne har yau yake kwance cikin dokar Nijeriya.

Me za ka harba?

Idan saurayi ya je wa Sarkin Baka, wato shugaban maharba, da maganar bindiga, dattijon ba ya fara zancen kuɗi. Zai dube shi ya ce, "To, ɗana, me za ka harba da ita?" In yaron ya ce, "Baba, don tsaro ne kawai," sai a ƙara masa: tsaron wa, daga wa, a ina? Amsar nan ita ke yanke komai, har da ko za a sayi bindigar ko a fasa.

Manomin da birai da gyado ke ɓarnata wa masara yana da hujja a fili, amma ya auna ɓarnar da kuɗin da zai kashe. Sau da yawa kare biyu, da rumfar gadi, da haɗa kai da maƙwabtan gona a riƙa karɓa-karɓar tsaro, sun fi bindiga araha kuma sun fi ta kore ɓarna.

Mai son farauta ta zama sana'arsa kuwa ya san dajin yau ba na kakansa ba ne. Gonaki sun ci kurmi, masu gawayi da masu katako sun ci saura. Inda manyan namun daji suka rage, wato gandun Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 6,000, wanda arewacinsa ya shigo ƙaramar hukumar Toungo, farauta haramun ce a cikinsa. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta kare dabbobi da dama a ko'ina suke. Saboda haka kada wani ya sa giwa ko dorina ko damisa cikin lissafin ribarsa. Abin da ke gabansa shi ne zomo, da zabin daji, da fakara, da gafiya, wani lokaci gada. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma farautar ma ta rani ce, bayan an kawar da amfanin gona. Duk wanda ya zauna ya lissafa kuɗin babur da abinci da albarushi na fita ɗaya, ya kwatanta da abin da mai sayen nama zai ba shi, zai gane dalilin da ya sa mafi yawan maharba manoma ne ko masu wata sana'a.

Mai neman bindiga don tsaron gida a cikin gari shi ya fi buƙatar a gaya masa gaskiya. Bindigar toka sau ɗaya take tashi, sai an sake ɗuri, alhali ɗan fashin da ke riƙe da AK-47 yana da harsashi 30 a kwanso ɗaya. A unguwa mai cunkoso kamar Jambutu ko Doubeli ko Luggere, harbin da aka yi cikin duhu da firgici ya fi kusa da samun maƙwabci ko ɗan cikin gida fiye da ɗan shila, wato ɓarawon da ya fizge waya ya ruga. Kuɗin nan in aka zuba su a ƙofar ƙarfe, da fitilar hasken rana, da gudummawar 'yan sintirin unguwa da hukuma ta san da su, sun fi amfani.

Abin da doka ta ce

Matasa da yawa suna ganin hotunan bidiyo daga Amurka, inda mutum ke zama da maƙerin bindiga ya zaɓi bututu daga wannan kamfani, ƙota daga wancan, madubin hange daga wani, a haɗa masa bindiga daidai jikinsa bayan watanni na jira da dubban daloli. Wannan tsarin ƙasarsu ne. A Nijeriya, wanda ya yi odar sassan bindiga ya haɗa a ɗakinsa ya aikata babban laifi, ko da bai taɓa harba ta ba.

Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu: bindigogin soja, da masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu irin su fistol da libarba. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu masu cin harsashin kwanso, da bindigar farauta mai dogon zango, da ta iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka da danginta. A kansu dokar ta ba Kwamishinan 'yan sanda na jiha iko, da amincewar Gwamna, ya hana riƙe su sai da lasisi.

Dokar ta kuma fayyace waɗanda ba a ba lasisi: wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Ko mutum ya tsallake duk waɗannan, lasisi ba haƙƙinsa ba ne, hukuma na iya hanawa. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya bayyana cewa rundunar ta dakatar da bayar da lasisin bindiga saboda yawan makaman da ke yawo a hannun jama'a. A 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ƙarfafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai, wadda ke ƙarƙashin ofishin mai ba shi shawara kan tsaro. Gwamnati ƙara ɗaure igiyar take yi.

Hukuncin ma ba na wasa ba ne. Riƙe haramtacciyar bindiga, ko ƙera bindiga ba tare da izini ba, ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Riƙe ta kashi na biyu babu lasisi na iya kai mutum shekara 5. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda ma'anar bindiga a cikinta ta haɗa har da mai ƙanƙara, kuma ta tanadi tarar Naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da makami ba bisa ƙa'ida ba.

Don haka tafiyar farko ta mai son bindiga ba maƙera ba ce, hedikwatar 'yan sandan jiha ce a Yola, tare da shugaban maharban yankinsa, ya tambayi abin da ake ciki a yau game da bindigar toka. Katin ƙungiyar maharba yana da amfaninsa, domin yana nuna akwai waɗanda suka san ka, amma bai zama lasisi ba. Duk kuɗin da za a biya a biya a karɓi rasit na hukuma. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce zai fito maka da takarda ta bayan fage, kuɗinka zai ci ya bar ka da takardar da za ta zama hujja a kanka. In an ce maka a yanzu ba a bayarwa, to magana ta ƙare sai ranar da aka buɗe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Zaɓen maƙeri

In hanya ta buɗe, sai maganar wanda zai yi aikin. Dokar 1959 ta yarda Sufeto Janar, da amincewar Gwamna, ya ba maƙeri izinin ƙerawa da gyaran bindigogin da ake ɗurawa ta baki kaɗai. Tambayarka ta farko ga maƙeri ke nan: yana da wannan izini? Maƙerin da ya ce zai yi maka mai cin harsashin kwanso, ko gajeriya ta sakawa a riga, yana gayyatarka gidan yari ne, kuma irin aikinsa ne ke ƙarewa a hannun masu garkuwa da mutane.

Rayuwar mai harbi tana rataye ne a kan bututu. Duk sauran sassan bindiga in sun lalace bindigar ce za ta ƙi tashi, amma bututu in ya fashe, a hannun mai ita yake fashewa, kusa da fuskarsa. Ingilawa sun gane haka tun da wuri. A 1813 majalisarsu ta kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham, garin da ya ƙera ɗimbin bindigogin da aka sayar a Afirka ta Yamma, inda ake jarraba kowane bututu a buga masa hatimi kafin ya shiga kasuwa, kuma gidan yana aiki har yau. Maƙerin ƙauye ba shi da irin wannan gida. Abin da ke tsaya masa shi ne sunansa. Saboda haka ka tambayi tsofaffin maharba: aikin wa suka daɗe suna riƙewa? Bindigar wa ta taɓa fashewa? Yatsun da suka guntule da idanun da suka tsiyaye a cikin maharba, akasarinsu bututun banza ne ko ɗurin ganganci ya jawo. Araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya cin hannu.

Bayan bututu sai ƙota. A nan ne aikin oda ya fi na kasuwa, domin maƙeri zai dubi tsawon hannunka da faɗin kafaɗarka ya sassaƙa daidai da kai. Itacen ya zama busasshe sarai, don ɗanye yana tsagewa in zafin Maris da Afrilu ya kama, lokacin da Yola ke haura digiri 40. Kunama kada ta yi sakwa-sakwa har bindiga ta tashi don an yi tuntuɓe. Adon tagulla da fatar da ake naɗawa suna da kyau a ranar hawan salla, amma su ne na ƙarshe a lissafi, kuma ana iya ƙara su baɗi.

Ciniki a yi shi gaban shaidu, maigidanka na farauta yana zaune. A faɗi jimlar kuɗi, da kafin alƙalami, da ranar karɓa, da wanda zai ɗauki nauyin gyara in aibi ya fito, a rubuta. Kada ka biya duka tun farko. Ka kuma lura da lokaci: gab da damina maƙeri yana fama da garma da fartanya, da kaka kuma lauje ne a gabansa. Wanda ya matsa masa a irin wannan lokaci aikin gaggawa zai samu.

Kasafin kuɗi

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin ƙarfe da gawayi da sufuri bai zauna wuri ɗaya ba, kuma a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Farashin da aka gaya maka da kaka ba lalle ya kai bazara ba. Abin da ya fi tsayawa shi ne jerin abubuwan da za su ci kuɗi, ga su bi da bi.

Na farko, takardu: kuɗin lasisi da na sabunta shi, da hotuna, da zirga-zirga zuwa ofis, da rajistar ƙungiya da kuɗin wata-wata.

Na biyu, koyo. Maigidan farauta ba ya yanka maka kuɗin makaranta, amma akwai goro, akwai hidima, akwai kason nama, akwai kuma ranakun da za ka bar gonarka ko shagonka ka bi shi daji. Rani ɗaya cur kana bin sa ba tare da ka riƙe bindiga ba, shi ne mafi ƙaranci. A nan za ka koyi sawu, da iska, da inda abokan farauta suke tsaye kafin a ɗaga bindiga.

Na uku, ajiya: akwatin ƙarfe mai kwaɗo na bindiga, da wani daban na albarushi.

Na huɗu, ita bindigar.

Na biyar, abin da take ci kullum: albarushi da harsashi daga hannun dillali mai izini, da man shafawa, da tsumma, da gyara. Damina a kwarin Binuwai tana da laima, ƙarfe yana tsatsa, albarushi yana jiƙewa, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 sun san inda ruwa ke kaiwa a cikin ɗaki.

Na shida, kayan jiki: takalmi mai rufe ƙafa saboda maciji, da fitila, da wuƙa, da gora, da ɗan akwatin magani mai bandeji. Mai kare ya ƙara da abincinsa da allurar haukan kare.

Na bakwai, kuɗin ko-ta-kwana, waɗanda ba a taɓawa sai ranar tsautsayi. Wanda ya ji rauni a dajin Fufore ko Song, kafin a kai shi asibitin ƙwararru na Jimeta ko asibitin koyarwa na Modibbo Adama a Yola, sai an biya mota, a can kuma sai an sayi magani, wataƙila da jini.

Shawarar da zan bayar ita ce kuɗin maƙeri kada su wuce rabin abin da ka tara. In sun wuce, ka ƙara jira. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 Naira 70,000 ne a wata, kuma yawancin masu wannan buri ko albashin ba su da shi, don haka tarin zai ɗauki lokaci. Adashe hanya ce mai kyau, haka ma ware buhu ɗaya ko biyu da kaka, ko kiwon ɗan akuya don wannan niyya. Abin da ba ya kyautuwa shi ne cin bashi da fatan nama zai biya, ko sayar da hatsin gida, ko taɓa kuɗin makarantar yara. Daji ba ya alkawari. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shekarar da ka yi kana tari ita ce shekarar da kake bin maigida kana koyo, babu abin da ka yi asara.

A gida da kan hanya

Yawancin ranakun bindiga a ɗaki take yin su, tare da mata da yara. Kada a shigo da ita gida da ɗuri a ciki. Kada a rataye ta a bango inda yaro zai taka turmi ya ɗauko. Albarushi ya yi nesa da murhu da risho da janareta. Kada a haɗa albarushi a gida, kada kuma a kwance harsashin zamani a zuba garinsa a bindigar toka, domin ƙarfinsa ya fi abin da bututunta zai ɗauka. Dalmar da ake narkawa a yi harsashi kuwa guba ce. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400, ya isa ya hana kowa narka ta a tsakar gida ko a tukunyar girki.

Doka ta ɗora wa mai lasisi nauyin tsare bindigarsa, kuma in ta ɓata ko aka sace, ya sanar da hukuma cikin kwana 14. Ba a ba da aronta, ko ga ƙani. In mai ita ya rasu, magada su sanar da hukuma, domin lasisi ba ya shiga rabon gado. Addini ma bai bar wannan fage ba. Musulunci ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, ya ɗora diyya a kan kisan kuskure, malaman Malikiyya kuma sun karhanta farautar da ake yi don nishaɗi kawai. Maharban Adamawa Musulmi ne da Kirista, Fulani da Hausawa da Bwatiye da Kilba da Margi da Chamba, kuma duk sun haɗu a kan ƙa'ida ɗaya: ba a harbin motsi, sai an ga abin da ke motsin.

Tafiya da bindiga kuwa ta zama abin tsoro a Nijeriyar yau. A ƙarshen Maris na 2025, wasu mafarauta 'yan jihar Kano suna komawa gida salla daga jihar Ribas, aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo. Da aka ga bindigogin toka a wurinsu sai aka yi musu kuɗin goro da masu garkuwa da mutane, gungun jama'a suka kashe 16 daga cikinsu. Zalunci ne tsagwaronsa, babu abin da zai wanke waɗanda suka aikata shi. Amma mai bindiga ya ɗauki darasi: lasisin jiha ɗaya ba ya magana a wata, kuma taron da ya fusata ba ya karanta takarda. Kada a tsallaka iyakar jiha da bindiga sai da sanin 'yan sanda a rubuce. Iyakar Kamaru kuwa, wadda ba ta da nisa da Yola, ko kusa kada a yi.

Nauyin suna

Maharban Adamawa suna da mutuncin da suka saya da jininsu. A ƙarshen Oktoba na 2014 Boko Haram ta kama Mubi, gari na biyu mafi girma a jihar, ta gangaro Hong da Gombi, dubban mutane suka kwararo Yola da Jimeta gudun hijira. A watan Nuwamba maharba da 'yan banga, da bindigogin toka da kwari da baka, suka taya sojoji ƙwato waɗannan garuruwa. Cikin waɗanda duniya ta sani daga wannan fage akwai Aisha Bakari Gombi, wadda ta koyi farauta a gida tun tana yarinya, daga baya aka naɗa ta sarauniyar maharba.

Matashin da ke jin wannan tarihi ya lura da abin da ya ba su nasara. Makamansu ba su kai na abokan gaba ba ko kusa. Abin da suke da shi shi ne sanin daji, da biyayya ga shugaba, da amincewar jama'ar da suka fito daga cikinta, da kuma aiki tare da hukuma. Duk saurayin da ya saɓa bindiga ya ce shi maharbi ne, da wannan suna yake yawo. In ya tare hanya yana karɓar kuɗi, ko ya shiga rikicin manoma da makiyaya da ita, ko ya yi hayar kansa ga ɗan siyasa, ba kansa kaɗai ya zubar wa mutunci ba.

Tsarin dai shi ne wannan: ka tantance dalilinka, ka nemi maigida ka bi shi, ka je wurin hukuma, ka tanadi wurin ajiya da kuɗin ko-ta-kwana, sa'an nan ka taka zuwa maƙera. In ka bi matakan nan ka ga a tsakiya cewa ba ka buƙatar bindigar, lissafinka ya yi kyau, kuɗinka kuma suna nan ka sa su a gona. In kuwa ka kai ƙarshe ka karɓe ta, sauran aiki shi ne sanin dajin da za ka shiga da ita, da dabbobin da suka rage a cikinsa, da waɗanda ya wajaba a ƙyale su hayayyafa. Wannan shi ne abin da babi na gaba zai duba.